Zuwa da kai ya fi aike, har a gaban likita?

Maman Yara, Jidda:
Salamu alaikum 'yan uwa. A gidan biki a unguwar Karantina nan Jidda aka ba mu wani labari muka yi ta dariya har da riƙe ciki. Wai wata Hajiya ce ƙugu ya riƙe mata, ta ce ita ba za ta iya layin asibiti ba, sai ta kira shagalarta, wato 'yar aikinta, ta ce je ki gaya wa likita duk abin da nake ji. Yarinya ta tafi tana bita a hanya don kar ta manta, tana shiga ta dafe ƙugu ta ce likita nan ke min ciwo, da dare ba na barci. Shi ko bai tsaya dogon tambaya ba ya sa aka tsira mata allura. Ta dawo tana ɗingishi, Hajiya ta ce ina saƙona? Ta ce na karɓo miki Hajiya, yana jikina. Wata dattijuwa a wurin ta ce ai zuwa da kai ya fi aike. To ni tambayata, wa karin maganar nan take yi wa faɗa, mai aike ko ɗan aike?

Ɗan Shara Mansur:
Hhhh wallahi Hajiya kin sa ni dariya. Ɗan aike mana, ma'anarta kar ka dogara da yaro don sai ya ɓata maka. Kamar wanda aka aika saidaliyya, wato kantin magani, aka ce masa a girgiza maganin kafin a sha, ya manta sai da Alhaji ya shanye, ya zo ya kama kafaɗun Alhaji yana jijjigawa.

Anti Mai Ɗinki, Makka:
A'a ƙanena, ban yarda da kai ba. Duba labarin da kyau, me yarinyar ta rage? Ta je, ta faɗi saƙo yadda aka ba ta, har ta sha allurar da ba tata ba. Ciwo ne ba ya aikuwa, likita sai ya taɓa wurin, ya auna jini, ya tambaye ki tun yaushe, da safe ya fi ko da dare, wa zai amsa wannan in ba mai jikin ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma dan Allah mu riƙa sassautawa, da yawa cikin masu shagalar nan 'yan uwanmu ne da suka baro 'ya'yansu a Kano da Zinder, wata ko Larabci bai zauna a bakinta ba za a miƙa mata riyal hamsin a ce ta je bagala, wato kantin unguwa, ta sayo kaya bakwai ba a rubuta mata ko ɗaya ba, in ta manta ɗaya a ce ba ta da kai.

Baba Mai Turare, Madina:
'Yata kin yi gaskiya. Mu da muka taso ba a kan bayi ko barori muke jin ta ba, a kan zumunci ne. Gaisuwar mutuwa, dubiya, biko, ban haƙuri, waɗannan in ka aika an karɓa amma ba kamar a ga ƙafarka a ƙofar gida ba. Kakanninmu da suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, suka ratsa Chadi da Sudan suna noma a hanya shekara da shekaru kafin su haye teku daga Sawakin zuwa Jidda, sun san daɗin zuwa da kai. Sai dai kar a ja ta ta wuce inda take. Shari'a ta yarda a yi wa mamaci aikin Hajji, ko tsohon da ba zai iya ba har abada, in dai mai yi masa ya riga ya yi nasa. Jifa a Mina ma marar ƙarfi yana wakiltawa.

Ɗan Shara Mansur:
Na ji Baba, Allah ya ƙara girma. Amma yanzu fa zamani ya zo da wani abu, ka kira 937, lambar ma'aikatar lafiya ta Saudiyya, likita ya yi maka magana kana kwance a ɗaki, ko ka kama layin ganin likita ta manhajar Sehhaty. Wannan zuwa ne ko aike?

Anti Mai Ɗinki, Makka:
Zuwa ne, tunda bakinka ne ya faɗa. In kuma ya ce sai ya gan ka to ka tashi ka sa takalmi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Maman Yara, Jidda:
To Baba ga wata, surukata tana Kano ba lafiya, hutun maigida bai zo ba kuma kuɗin jirgi ya yi tsada, mun tura kuɗin magani muna kiran bidiyo kullum bayan Magariba. 'Yan uwansa sun fara cewa zuwa da kai ya fi aike. Sun yi mana adalci kuwa?

Baba Mai Turare, Madina:
Allah ya ba ta lafiya. Ba a jifan mai uzuri da ita, wanda ke da hali ya ƙi ake gaya wa. Amma uwa ce 'yata, ki ce ya je ya sami kafilinsa, wato ubangidansa na wurin aiki, ya roƙi ko sati biyu ne, a buga masa bizar fita da dawowa, kuɗin jirgin in an yi karo-karo ba zai gagara ba. Ki turo min lambarsa ta gefe in yi masa magana bayan Isha'i.