Ɗinkin matata ya kama ruwa bayan tiyata, asibitin sun hana mu fayil

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawara, abin ya tsaya min a rai.

Sati uku ke nan da aka yi wa matata tiyatar haihuwa a wani asibitin kuɗi a nan cikin Kano. Kwana huɗu da sallamar mu zazzaɓi ya rufe ta, wurin ɗinkin ya kumbura, yana fitar da ruwa mai wari har yana jiƙa zane. Tun muna kwance na ga nas ta wanke mata ciwon da safar hannun da ta gama taɓa wata mara lafiya. Na yi magana, ta ce min: "Malam, ka bar mu mu yi aikinmu." Na yi shiru, yanzu shirun nan yake cin raina.

Mun koma wani likitan, ya ɗebi ruwan ciwon ya aika gwaji, amma yana so ya ga irin maganin kashe ƙwayoyin cutar da aka ba ta da farko. Sau uku ina zuwa neman fayil ɗinta, kullum sai a ce mai asibitin ba ya nan.

Na san tun 2018 akwai takardar haƙƙin marasa lafiya a Najeriya. To ta yaya zan sa su ba ni kwafin bayananta? PHIMA, hukumar kula da asibitocin kuɗi ta Jihar Kano, zan fara zuwa, ko MDCN, hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, zan rubuta wa? Wanda ya taɓa bin hanyar nan a Kano ya taimaka min. Jaririyar lafiyarta ƙalau, alhamdu lillahi, uwar ce ko zama ba ta iyawa.