Bana ta ƙare: me kuka karanta, me kuka kalla, wane labari ne ya zauna muku a 2024?

Tela_Gwammaja:

Assalamu alaikum jama'a. Ni ɗinki nake yi a Gwammaja, cikin Kano, kuma duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ya san rediyo ba ta yin shiru daga buɗewa har rufewa. Don haka babu labarin bana da ya wuce ni. Abin da na lura da shi kawai, labaran 2024 binne juna suka riƙa yi. Ba ka gama jimamin wannan ba, wancan ya faɗo.

Ku tuna yadda muka shiga shekarar. Ranar 12 ga Janairu Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Abba Kabir Yusuf kujerarsa, gari ya cika da jar hula da ƙarar babura, muka ce to, yanzu Kano za ta huta da zancen kotu. Ashe ba a fara ba. Ranar 23 ga Mayu majalisar jiha ta soke dokar 2019 da ta raba masarauta gida biyar, aka dawo da Muhammadu Sanusi II Gidan Rumfa, shi kuma Aminu Ado Bayero ya dawo ya sauka a gidan Nassarawa. Daga nan sai umarnin kotu ya zama abin karin kumallo: ta tarayya ta ce kaza, ta jiha ta ce akasin haka. A Facebook kowa ya zama lauya. Yaron da nake koya wa sa maɓalli ma yana yi mini bayanin hurumin kotu. Ni dai inda abin ya taɓa ni shi ne da aka soke hawan babbar sallah. Mutane ba su san irin ɗinkin da hawa yake kawowa ba: rigunan yaran da za a ɗora a kan doki, kayan anko na samarin unguwa, manyan riguna na masu rakiya. Wasu sun riga sun kawo shadda, suka dawo suka ce a mayar da ita kaftani.

Na Agusta kuwa har gida ya same mu. Bayan zanga-zangar tsadar rayuwa da dokar hana fita, sai muka ji an kama teloli a nan Kano saboda ɗinka tutar Rasha. Wallahi makonnin nan duk wanda ya shigo da yadi fari da shuɗi da ja, sai mu kalli juna da abokin aikina kafin mu karɓa, ko da kayan makarantar Islamiyya ne. Muna dariya a lokacin. Dariyar ta tsaya ranar 1 ga Nuwamba da aka nuno yaran da aka kama a zanga-zangar suna zubewa a gaban alƙali a Abuja. Har yau hoton nan bai bar ni ba, shi da na Majiya, inda tankar mai ta ƙone mutum fiye da 150 a watan Oktoba.

To ga inda tambayata take. Duhun da aka yi a Arewa ƙarshen Oktoba, kusan kwana goma babu wuta, ya nuna mini yadda na jingina da waya. Na koma keken ƙafa da dutsen guga na gawayi, wannan ba komai ba ne, da su na koyi aiki. Amma caji ya zama abin lissafi. Ni kuwa shekarar nan gaba ɗaya littattafan Hausa da ake karantawa a YouTube nake saurara, iyafis a kunne, ƙafa a kan keke. Na saurari da yawa, wasu ma masu tsawon gaske. Mai ɗakina ta ce wannan ba karatu ba ne, tatsuniya ce ake yi mini kamar yaro. Ni kuma na ce labarin ai ya shiga kaina. Ku raba mana gardama, sannan kowa ya faɗi abin da ya karanta ko ya kalla bana wanda har yanzu yake tuna shi.

Ummu_Hanifa_Gwange:

Wa alaikumus salam Malam Tela. Mu a Maiduguri shekarar tamu kashi biyu ce, kafin ruwa da bayan ruwa. Daren 9 ga Satumba wayewar 10 madatsar Alau ta ɓalle, kuma tsofaffinmu sun ce rabon da a ga irin haka tun 1994. Ku a can kun fi jin labarin kadoji da macizan gidan zoo da fursunonin da suka fita da katanga ta faɗi, don shi ne ya fi yawo a waya. Mu abin da muke nema a lokacin shi ne wa ya ga wane, wace unguwa kwalekwale ya kai, ina ake raba abinci. Wannan kuwa a bakin mutane da rediyo muka same shi. Bidiyoyin da ake turowa rabinsu ma ba na garinmu ba ne.

Game da karatu, ina da akwatin ƙarfe cike da littattafan Hausa da na tara tun ina budurwa, irin masu na ɗaya da na biyu da na uku ɗin nan da ake kawowa daga Kano. Ruwa ya kwana a kansu. Da muka koma gida na shanya su a kan kwano, amma takardar ta manne, sai dai a ɓamɓare kamar ƙanzo. Ban samu ko ɗaya da zai karantu ba. Abin da ya ba ni haushi, na tambaya a kasuwa ko zan maye wasu, aka ce ai an daina buga irinsu, marubutan duk sun koma WhatsApp da Wattpad, ka biya kuɗi a saka ka a guruf ana turo maka shafi-shafi. Na shiga guda biyu. Akwai masu hannu sosai a cikin yaran nan, amma ba mai duba musu rubutu, kuma tun da kullum sai an turo sabon shafi, labarin da zai ƙare a babi ashirin sai a ja shi har ka manta sunan uwar yarinyar.

Gardamarku kuwa ina bayan matarka, ka yi haƙuri.

Malam_Mai_Ritaya:

Ɗana Tela, na koyar da Hausa a sakandare har na ajiye alli, saboda haka bari in sa baki. Kai da mai ɗakinka kowa yana da rabin gaskiya, amma rabinka ya fi nata tsufa. Adabinmu da kunne ya fara. Waƙoƙin malaman jihadi da aka rubuta da ajami rera su ake yi, mutum ɗaya ya karanta, ɗari su haddace. Ko Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, a ƙauye mutum ɗaya ne yake karanta ta da ƙarfi a gindin bishiya jama'a na saurare. Kai ma abin da kake yi ke nan, bishiyar ce ta koma aljihu.

Inda nake tare da ita shi ne nan: mai sauraro ba ya tsayawa. Ba ka komawa baya ka sake duba jimla, ba ka ganin yadda aka rubuta kalma. Shi ya sa yaran yanzu suke rubuta "ƙasa" da "kasa" iri ɗaya, su haɗe kalmomin da ya kamata a raba, su raba na haɗewa. Kuma mai karanta maka shi yake zaɓa maka murya. Idan ya ga dama ya mayar da kishiya muguwa da sautinsa kawai, alhali marubuciyar ba ta nufi haka ba.

Ni abin da na karanta bana tsoho ne. Cikin duhun nan na Oktoba, da talabijin ya mutu jikoki suka rasa abin yi, na ɗauko Magana Jari Ce na Abubakar Imam ina karanta musu da fitilar caji bayan isha'i. Na ɗauka ba za su zauna ba. Sai ga shi suna rigima a kan wa zai zauna kusa da ni, ƙaramar tana tambaya ko akun nan da gaske waziri ya zama. Da wuta ta dawo ranar, ko sallama ba su yi mini ba.

A labarai kuma, abin da nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa ba shi ne kuɗin mai. Kuɗin lita daga naira ɗari shida da 'yan kai ya haura dubu a cikin watanni biyu, Satumba zuwa Oktoba. Albashi mafi ƙanƙanta da aka sa wa hannu a Yuli naira 70,000 ne. Ku yi lissafin da kanku. Mu 'yan fansho ba a ma maganarmu.

Ɗan_Maraɗi:

Gaisuwa ga mutanen Najeriya daga Katsinar Maraɗi. Baba Malam, Allah shi ƙara lafiya. Mu nan abin da ya fi damunmu farkon shekara iyaka ce. Sai cikin watan Maris aka buɗe ta, bayan CEDEAO, wadda ku kuke ce wa ECOWAS, ta ɗage takunkumin da ta sa wa Nijar, kuma wanda bai zauna Maraɗi ko Ɗan Issa ba ba zai gane abin da rufe hanyar Jibiya yake nufi ba. Dangi ne rabi nan rabi can.

Malam Tela, kai kana yabon rediyo, mu tamu rediyon raguwa take. RFI an dakatar da ita tun Agustan 2023, ga shi cikin Disamban nan an dakatar da BBC wata uku. Tsofaffin da suka saba da labarun safe a FM yanzu sai su sa yaro ya nemo musu a salula. Amma abin mamaki, hirar da Janar Tiani ya yi da Hausa ranar 25 ga wata ta fi kowane fim yawo a nan da can. Ya zargi hukumomin Najeriya da haɗa baki da Faransa, Nuhu Ribadu ya fito ya musanta, shi ma da Hausa. Ban ce ga mai gaskiya ba. Na dai lura cewa manya biyu sun ajiye Faransanci da Turanci sun yi magana da harshen da talakan ƙasashen biyu zai ji ba tare da tafinta ba, kuma a fada-fadar shayi an kwana ana tsinka ta.

Damina ma ba ta bar mu ba, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe farkon Satumba. Nishaɗinmu kuwa kun san shi, kokowa. Bana a Dosso aka yi ta takobi, garin Issaka Issaka, kuma lokacin kokowa ko kasuwa sai ta yi sanyi.

SaiMasuGida_04:

Haba jama'a, duk kun cika wuri da baƙin ciki, ba wanda zai yi maganar ƙwallo? Daren da Nwabali ya tare fanareti biyu na Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin Afirka, gidan kallon unguwarmu benci biyu aka karya. A wasan ƙarshe Troost-Ekong ya fara ci da ka, muka fara rabon kofi, sai Kessie da Haller suka yi mana abin da suka yi a Abidjan, 2-1. Lookman ne ya share mana hawaye: uku rigis a ragar Leverkusen a wasan ƙarshe na Europa, ga shi an ba shi gwarzon Afirka a Marrakesh. Sannan Ahmed Musa ya dawo Pillars, wasansa na farko ya zuba biyu. Me kuke so kuma?

Fim kuwa ni na daina jiran sati-sati. Data ta yi tsada, sai in bari zango ya ƙare in je wajen masu turi su zuba mini a memori. Na san masu fim ba sa son jin haka. Allah ya jiƙan Daso, ranar ƙarshen azumi ta tafi, mahaifiyata har kuka ta yi kamar 'yar uwarta ce, ita da take zaginta duk lokacin da ta fito a muguwar uwar miji. Littafi kam Baba Malam kar ka tambaye ni.

Tela_Gwammaja:

Na gode ƙwarai. Hajiya Ummu Hanifa, Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba. Akwai wani dattijo a bakin kasuwar Sabon Gari da har yanzu yake shimfiɗa tsofaffin littattafan nan a ƙasa, wasu bangonsu ya fita amma cikinsu lafiya lau. Ki rubuto sunayen waɗanda suka fi tsaya miki a rai, in na shiga sayen zare zan duba, direbobin Maiduguri kuma ba sa ƙin saƙo.

Baba Malam, na karanta wa mai ɗakina amsarka. Ta ce ta ji, amma wai rabin da ka ba ta ya fi nauyi tun da ni ma "kasa" nake rubutawa a littafin awon mutane. Na duba, haka ne kuwa. Maganar murya da ka yi ita ce ta kama ni, don akwai wani mai karatu da na daina saurara saboda duk mace sai ya yi mata muryar tsohuwa, har amarya.

Ɗan Maraɗi, hirar nan sau biyu aka kunna ta a shagonmu, kwastoma ɗaya ɗan Damagaram ya kusa barin rigarsa saboda musu. Kai kuma ɗan Pillars, bencin da kuka karya wa ya biya?