Injin ƙanƙara na firjina ya daina aiki tun bayan da muka sauya gida

Mai tambaya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin firji. Firjina mai ƙofa biyu ne, yana da injin da ke yin ƙanƙara a cikin firiza, kuma ya shekara uku yana aiki lafiya. Bayan mun koma sabon gida, sai ƙanƙarar ta fara fitowa ƙanana, wasu ma da rami a ciki, ba a yi mako biyu ba ta daina fitowa gaba ɗaya. Firizar tana sanyi, nama yana daskarewa, amma tiren da ruwa ke zuba a ciki a bushe yake. Wani mai gyara ya leƙa, ko mitar awon lantarki bai ciro ba, ya ce sai an sauya injin ɗungurungum. Kafin in kashe kuɗin, ina so in san ko akwai abin da ya kamata a fara dubawa.

Amsa ta farko:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara da abin da ba ya cin kuɗi. A gefen injin akwai wani siririn ƙarfe wanda idan aka ɗaga shi sama injin yake tsayawa, kuma lokacin ɗaukar kaya yakan maƙale a sama ba tare da kowa ya lura ba. A wasu firjin kuma maɓalli ne. Sannan ka sa ma'aunin sanyi a firizar ya kwana. Ana so ta kai digiri 18 na Celsius ƙasa da sifili, domin injin ba ya juye ƙanƙara sai na'urar da ke jikin tiren ta ji sanyi ya kai yadda ake so. Daskarewar nama ba hujja ba ce, musamman a inda ake yawan ɗauke wuta, ko idan ƙurar hunturu ta lulluɓe bututun da ke fitar da zafi a ƙasan firjin.

Amsa ta biyu, daga wani mai gyaran firji:

Abin da ɗan'uwa ya faɗa daidai ne, sai dai ni bushewar tiren ce ta fi ɗaukar hankalina, domin da sanyi ne ya gaza, da ruwa za ka tarar kwance a ciki. Ga gwaji mai sauƙi: ka zuba ruwa a tiren da kofi, kada ya cika ya tumbatsa, ka rufe ƙofa ka bar shi awa biyu ko uku. Idan ka tarar ya juye ƙanƙarar a bokitin da take taruwa, to ƙaramar motar lantarkin da ke juye ta da hitar da ke sakin ta daga tire duk lafiyarsu ƙalau, ruwa ne kawai ba ya isowa.

Ina kyautata zaton sabon gidan naka da tankin sama kuke amfani. A bayan firji akwai bawul mai aiki da lantarki, wanda ke buɗewa na 'yan daƙiƙu kaɗan ya rufe, kuma yawancinsu suna buƙatar ƙarfin ruwa da bai gaza psi 20 ba (psi ma'auni ne na ƙarfin turin ruwa). Ruwan tanki kuwa, duk mita ɗaya na tsawo ba ya ba da fiye da psi 1.4, wato tankin da ya ɗara firjin da mita 5 bai wuce psi 7 ba. Da irin wannan raunin, ruwa kaɗan ke shiga, shi ya sa ka ga ƙananan ƙanƙara masu rami. Bawul ɗin ma ba ya rufewa sosai, sai ya riƙa ɗiga, ɗigon ya daskare a bakin bututun da ke zuba ruwa a tire har ya toshe shi.

Ka zare filogi daga soket tukuna, ka haska bututun da tocila. Idan ka ga ƙanƙara a ciki, ka narkar da ita da ruwan ɗumi a sirinji, kada ka zura wuƙa ko ƙusa. Ka duba tiyon baya ko ya lanƙwashe lokacin da aka tura firjin jikin bango, ka kuma sauya matatar ruwa idan ta wuce wata 6, balle in ruwan burtsatse ne mai yashi. Sai duk wannan ya gaza ne za a auna bawul ɗin da mita.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri. Na zuba ruwan da kofi bayan la'asar, kafin isha'i na ji ƙanƙara ta faɗa bokiti. Bututun kuwa a toshe yake kamar an cusa masa alli, kuma tankinmu a kan ɗakin girki yake, ko mita 4 bai kai ba. Na narkar da ƙanƙarar, injin ya yi kwana biyu yana aiki, yau ya sake toshewa.

Mai gyaran firjin:

Haka zai ci gaba da yi, Malam, muddin ƙarfin ruwan bai ƙaru ba. Ka nemi mai aikin famfo ya sa maka ƙaramin injin ƙara ƙarfin ruwa a layin da ke zuwa firjin. Kafin nan ka ɗaga ƙarfen nan sama, ka rufe ruwan daga baya, don kada ɗigon ya daskare ya tsaga bututun.