Barson jinjiri da na saya ya hana ni barci, dan Allah ku ba ni shawara

Maman Abdul:
Assalamu alaikum matan gida, ina kwananku. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu kaina ne ya kulle. Cikina ya shiga wata tara, na farko aiki aka yi mini kuma wannan ma sajfam, wato ungozomar asibiti, ta ce in zauna da shiri don wataƙila aikin za a sake, wadda aka taɓa yi ma aiki ta san tashi daga kwance kaɗai abin kuka ne balle ki sauka ki ɗauko yaro ki dawo. Lokacin Abdul gado ɗaya muke kwana, yana wata biyu ina ba shi nono da dare barci ya sace ni, farkawar da zan yi na iske yaro ya gangara tsakanin katifa da bango fuskarshi a ƙasa ko kuka bai yi ba. Allah ne kawai ya tsare. Har yau ban gaya ma babanshi ba, Hajiyarsu kuwa in ta ji na shiga uku, dama tun wancan jegon muke ƴar tsama don ta so in tahi wankan gida Mirya wajen innata ni kuma na ƙi saboda ɗinkin bai warke ba, ta ɗauka raini ne, har ƙanwar mijina ta daina gaishe ni wajen wata huɗu sai da aka yi bikin autarsu muka shirya, shi ma shirin na ganin ido ne.
To shi ne wancan satin na ga barso, wato ɗan gadon jinjiri, na gwanjo a Kasuwar Dole, irin wanda ake jingina ma gadon uwa a sauke gefe ɗaya, na Turai ne gefunan raga ne, na ba da jika 35 daga kuɗɗin adashena. Ba shi da katifa sai na sa aka yanko mini soso. Yanzu Hajiya ta zo ta gani ta ce a zuri'arsu ba a ware jinjiri a kwana, wai keji na sayo ma jikanta. Maigida ya ce ba ruwanshi. Ni kuma na lura barson bai kai gadona tsawo ba sai na sa bulo a ƙarƙashin ƙafahunshi, na wajen kai na ɗan ƙara tudu don Abdul ya yi fama da tumbuɗi. Ya zan yi da Hajiya? Kuma barson ya yi ko?

Ƴar Birni:
Wa alaikumussalam. Allah ya raba lahiya Maman Abdul. Ni dai ƴaƴana biyar duk a jikina suka kwana ba abin da ya same su, iyayenmu ma haka suka yi mu. Ki bi Hajiya ki zauna lahiya, wata rana sai labari.

Tanti Sajfam:
Ƙanwata bar maganar Hajiya tukuna, wannan mai sauƙi ce. Cire bulon nan yau ba gobe ba. Barso bisa bulo in kin jingina da shi cikin barci ko Abdul ya zo ya rataya a jiki ai kifewa zai yi. Tudun da kika yi wajen kai ya ma fi bulon haɗari. Jinjiri sabon haihuwa kanshi ya fi ƙarfin wuyanshi, in wurin kwanciya ya yi gangare sai haɓarshi ta faɗo bisa ƙirji hanyar numfashi ta matse, ko ya zame ƙasa ya dunƙule. A Amurka a 2019 sai da aka janye wata kujerar kwantar da jarirai mai gangare guda miliyan 4.7 daga kasuwa saboda yaran da suka mutu ciki, a 2022 kuma suka yi doka suka hana sayar da duk makwancin jinjiri da gangarenshi ya wuce digiri 10. Su da suka ƙera abin sun gudu daga gare shi ke kina haɗa naki da bulo.
Sannan ban ji kin ambaci igiya ba. Irin wannan barson yana zuwa da igiyoyi biyu masu ƙarfi da ake zagayawa a ɗaure da gadon uwa don kada ya matsa. Mai kayan ya ba ki su? In babu, abin da ya faru da Abdul tsakanin katifa da bango shi ne zai faru tsakanin katifarki da barso, ramin kawai kika canza ma wuri.

Maman Abdul:
Tanti na gode amma bulon ba ya motsi walle, na gwada na girgiza. Igiya kuma ban gani ba mai kayan bai ce akwai ba, amma ai gadona mai nauyi ne irin na katako na aure, kuma zan tura barson ya matse sosai. Maganar tudu kuwa ke ba ki ga tumbuɗin Abdul ba ne, ta hanci yake hitowa.

Tanti Sajfam:
Na ga tumbuɗin yara fiye da yadda kike zato, shekaruna nawa a matarnite kafin in yi ritaya. Gadonki ba zai motsa ba, barson ne zai motsa. Mai tumbuɗi ki riƙe shi a kafaɗa ya yi gyatsa bayan nono, ki ɗan jima da shi a tsaye, sannan ki kwantar da shi rigingine bisa wuri shimfiɗaɗɗe. Rigingine, ba rub da ciki ba, ba gefe ba. Mutane na tsoron zai shaƙe amma in yana rigingine maƙogwaron numfashi ne a sama na abinci a ƙasa, abin da ya taso komawa yake ya haɗiye.

Uwar Tagwaye:
Hmm ku kuna maganar barso. Ni da na haihi tagwaye ko katifa mutumin nan bai canza mini ba, amma da amaryarshi ta haihu har da su gadon jinjiri mai labule daga Kano da kwandon kaya da baho kala biyu, yaron ko kwana ɗaya bai yi a ciki ba yanzu kayan wanki take tarawa. Ni a tabarma na raini nawa ga su nan suna lakwal. Maman Abdul ki gode Allah naki ya ce ba ruwanshi, wani cewa zai yi ina kika samu kuɗɗin.

Maman Nana:
Uwar Tagwaye kin taɓo mini inda ke mini ƙaiƙayi, namiji in dai kayan jinjiri ne sai ya ce ai na babbar suna nan, kamar kaya ba sa tsuhewa. Ni adashe uku na ci kafin in gama kayan haihuwa.

Hajiyar Zango:
Ku dawo kan magana. Ni abin da ban ji kowa ta faɗa ba shi ne sauro da zahi. Yaushe ne haihuwar taki ma? In kin shiga wata tara yanzu to kina arba'in zahi na shigowa, watan huɗu da na biyar wa ke kwana ɗaki a Damagaram, ga ɗauke wuta fanka ta tsaya, kowa tsakar gida yake shimfiɗa. To in kin hito da tabarma barson da me za ki ɗaure shi? Sannan in damina ta zo, gefen da kika sauke nan ne ƙofar sauro, in kin sa mishi ƙaramin sange nashi ke kina cikin naki dole a samu kafa a tsakani. Sai dai babban sange ɗaya da zai rufe gadon da barson gaba ɗaya ki cusa bakinshi ko'ina. Wanda ake ba masu ciki wajen awo mai magani ne, ki shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin ki ɗaura. Ni a ganina ki sayar da wannan ki je wajen kafinta ya yi miki ɗan gado mai gefe huɗu wanda za ki iya ɗauka ki hitar waje, ƙafahun su ɗan yi tsawo saboda kunama.

Tanti Sajfam:
Kafinta ba laihi amma sai kin tsaya a kanshi da abin awon tela, don su kyau suke dubawa. Tsakanin sanda da sanda kada ya wuce santimita 6, in gwangwanin lemo ya wuce ta tsakani to jikin jinjiri zai wuce kanshi ya maƙale. Kada ya yi miki ado mai huda ko ƙaho a kusurwa inda riga za ta sarƙe. Fenti kuma a bari, wasu fentin akwai dalma ciki kuma yaro in ya fara haƙori gefen gado yake gwaguya, a goge katakon ya yi sumul kawai. Kada ki yarda da gefe mai zamewa sama da ƙasa bisa ƙarfe, irin wannan an hana sayar da shi a Amurka tun 2011 don yana ɓallewa ya bar rami, kuma irinsu ne ke ƙarewa cikin gwanjo su zo mana.
Maman Abdul sosan da aka yanko miki fa? Danna tafin hannunki a kai, in ya lotsa ya bar shaida ya yi laushi da yawa. Sa yatsu tsakanin soso da jikin barso ta kowane gefe, in ya ci fiye da yatsu biyu bai yi ba. Kuma in kin sauke gefen, akwai ɗan shinge da ya rage ko a buɗe yake fayau? Ƙa'idar Turai ta 2019 ta ce sai an bar shinge na santimita 12 ko an sauke, ɗiyata da ke aure a Faransa nata haka yake. In naki ba shi da shi tsohon yayi ne.

Maman Abdul:
Sosan mai kyau ne Tanti, mai tsada na zaɓa, akwai ɗan hili ta gefe ɗaya amma na naɗe tawul na cusa ya cike tsaf. Shinge kuma ban duba ba yana ɗaki an rufe shi da zane saboda ƙura. Hajiyar Zango sayarwa kam ba zan iya ba, wa zai ba ni jika 35 ɗina, kuma in na sayar ai Hajiya ta ci nasara kenan gobe ma abin da ta ce shi za a yi.

Tanti Sajfam:
Tawul!! Innalillahi. Ba tawul, ba matashin kai, ba bargo, ba ƴar tsana, ba wannan katifun gefe masu igiya da ake sayarwa da barso don ado. Soso mai tauri da ya cika wurin da zanen da ya kama shi gam, shi kenan. In sanyi ne ki sa mishi kaya a jiki. Ki mai da sosan a yanko wani daidai, wannan ai bai kai jika nawa ba.

Ƴar Birni:
Tanti Allah ya huci zuciyarki amma ke komai Amurka komai Faransa. Su ɗakunansu da namu ɗaya ne? Mu da ake sa ma jinjiri wuƙa a wajen kai saboda iska, a hura ma mai jego gawayi a ɗaki, duk mun rayu. Mai ɗinki a ciki ki ce ta riƙa tashi tana ɗaga yaro tana mayarwa sau nawa a dare, ai ko ba ta so barci zai kwashe ta da shi a hannu.

Tanti Sajfam:
Waɗanda suka rayu su ke magana Ƴar Birni, waɗanda aka wayi gari aka ce uwa ta danne ko an ce iska ce ni na gansu. Gawayin ma da kika ambata a ɗaki rufe lokacin hunturu yana kashe babba balle jinjiri, iskar da yake hitarwa ba ta da wari. Amma gaskiyarki a abu ɗaya, barci zai kwashe ta. Shi ya sa in za ta ba da nono a kwance ta janye matasai da bargo daga wajen, gadon ya bar jikin bango, Abdul kada ya kwana gefen jinjirin, in ta farka ta mai da shi wurinshi. Kuma kada ta ce za ta zauna bisa kujerar falo don kada ta yi barci, barci bisa kujera da jinjiri ya fi na gado haɗari nesa ba kusa ba. Satin farko bayan aiki, ga magungunan ciwo masu sa barci, a samu wadda za ta kwana ɗakin ta riƙa miƙo mata shi.

Hajiyar Zango:
To ai ga aikin Hajiya nan ya samu, ki ce ta zo ta kwana da ke ita ce mai miƙo jika, kin ga kin jehi tsuntsu biyu.

Maman Abdul:
Hajiya ta kwana ɗakina? Tab. Gara in ɗauko ƙanwata daga Mirya in innarmu ta yarda ta bar lakwal sati ɗaya. Ni fa tambayata yadda zan yi mata magana ne ba tare da ta ce na raina ta ba, kowa ya koma kan bulo.

Maman Nana:
Ki ce likita ne ya ce, tsohuwa ba ta musu da likita. Ni haka nake ma tawa ko maganar kunun kanwa ce.

Uwar Tagwaye:
Tawa har likitan take zagi.

Tanti Sajfam:
Ki tada gefen nan ki kulle shi, ki sauke barson ƙasa daga bulo ya tsaya da ƙafahunshi kusa da gadonki, ki duba notinshi duk sun ɗauru kuma ragar ba ta yage ba. In ba igiya to ba a sauke gefe, ya zama gado mai gefe huɗu, kuma haka za ki iya hitar da shi tsakar gida kamar yadda Hajiyar Zango ta ce. Ki sani ma abin na wata shida ne ko ƙasa, da ya fara yunƙurin zama ko dafawa ya tashi ya gama da shi. Ki auno mini tsawon gadonki daga ƙasa zuwa saman katifa da na barson, wasu ƙafahunsu na da maɓalli ana ƙara musu tsawo ke ba ki sani ba.

Maman Abdul:
In na tada gefen ai amfanin sayen ya tahi Tanti, don in miƙa hannu kawai na saye shi. Bari dai maigida ya dawo daga Magarya jibi in sa ya nemo igiya mai ƙarfi irin ta ɗaure kaya a mota mu gani ko za ta yi. Tudun zan rage.

Tanti Sajfam:
Ba ragewa na ce ba. Kuma ba kowace igiya ba ce, turo hoton ƙasan barson in ga ko akwai inda ake saƙala ta. Ina awon?

Maman Nana:
Maman Abdul in kin fasa ni ina so, ƙanwar maigida ce za ta haihu bayan salla, amma jika 20 gare ni.