Kiɗan lo-fi da na'ura ta haɗa: na wa ne?

Oga na Kawo: Salamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun jiya. Wani yaro da na koya wa manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio ya shigo situdiyo da murnarsa, ya ce in saurari sabon kiɗan lo-fi da ya haɗa, wato irin kiɗan nan mai sanyi marar murya. Na saurara, fiyano mai taushi, ƙarar tsohon faifai a ƙasa, komai zam. Na ce buɗe mini aikin in ga yadda ka jera gangar. Ya yi shiru. Ashe layi biyu ya rubuta wa Suno, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai haɗa kiɗa, da Turanci, ta fito masa da kiɗan cikin minti ɗaya, ya ɗora sunansa. Matsayata ita ce: wanda ƙirƙirarriyar basira ta haɗa wa kiɗa ba furodusa ba ne, kuma bai kamata ya ce nasa ne ba. Wanda yake da ja ya fito.

Ɗan Rigasa: Wa alaikumus salam Oga. Ni ina da ja, da girmamawa. Kai kana da ɗaki mai soso a bango, da lasifikan aiki, da janareta. Ni kwamfutar da nake da ita ta hannu ce, batirinta ba ya kai awa ɗaya in an ɗauke wuta. Ban iya fiyano ba, ba ni da kuɗin zuwa koyo. In manhaja za ta ba ni jerin sauti huɗu masu daɗi in ɗora gangata a kai, me ya rage mini? Kuma ku tuna, lokacin da fiyanon Yamaha ya shiga waƙoƙin fim a Kano, haka manya suka ce ba kiɗa ba ne, an kashe kalangu. Yau ga shi duk da shi muke ci.

Oga na Kawo: Ƙanena, mai fiyano da yatsunsa yake danna wa. In ya yi kuskure nasa ne, in ya yi daɗi nasa ne. Kai ma da ka ce za ka ɗora gangarka a kai, ai ka yi aiki. Ba da kai nake ba. Da wanda bai taɓa komai ba nake.

'Yar Malali: To Yaya, kenan sai a raba maganar gida biyu, don ana cakuɗa su. Akwai irin su Suno da Udio da za ka rubuta musu abin da kake so su miƙo maka kiɗa kammalalle. Akwai kuma kayan aikin da ke cikin manhajar haɗa kiɗan kanta. FL Studio tun 2023 tana iya raba waƙa ɗaya gida-gida, murya daban, ganga daban, bes daban. Logic Pro a 2024 ta ƙara mai bes da mai fiyano na na'ura da ke bin jerin sautin da ka tsara. Akwai masu gyara ƙarfin sauti a ƙarshe kamar LANDR. Duk ƙirƙirarriyar basira ce. In ka ce duk wanda ya taɓa ta ya fita daga sahun furodusoshi, to rabin situdiyoyin garin nan sun fita, har da naka ina jin.

Oga na Kawo: Na yarda, ina amfani da mai raba murya. Ban ɓoye ba.

Malam na Unguwar Rimi: Ku ba ni dama in ɗan yi tsawo, don ina ganin ba a taɓo asalin abin ba. Mene ne lo-fi? Kiɗa ne mai sanyi, yawanci bugu 70 zuwa 90 a minti ɗaya, wanda da gangan ake bar masa datti: shuuu ɗin kaset, ƙas-ƙas ɗin faifai, sautin fiyano da ke ɗan lanƙwasa kamar kaset ɗin da ya sha rana a gaban mota, a kuma yanke kaifin sama ya zama kamar daga ɗakin maƙwabci kake jinsa. Wannan dattin ba wuya, manhajar iZotope Vinyl mai saka shi kyauta ce, ka ɗora ta ka murɗa, shi kenan. Abin da ke da wuya shi ne tafiyar gangar. J Dilla na Detroit, wanda ya rasu a 2006, wanda masu wannan kiɗa ke ɗauka uba, an san shi da kashe abin da ke daidaita bugu a na'urarsa ta haɗa kiɗa mai suna MPC, ya buga da yatsa. Sai wani bugun ya ɗan riga lokaci, wani ya ɗan makara, kiɗan ya riƙa rangaji kamar tafiyar raƙumi. Ni na kwana uku a kan kiɗa ɗaya ina matsar da siniya ɗaya, wato bugun ƙaramar ganga mai kaifin sauti, baya da gaba da ɗan linzami, tazarar da ido da ƙyar yake gani, har sai da wuyana ya fara kaɗawa da kansa. A nan na san ta zauna. Na'ura ta saurari dubban irin wannan, za ta kwaikwayi rangajin, ban musa ba. Amma in ka ce mata siniyar nan ta uku ce kawai nake so ta ƙara makara kaɗan, sai ta sake maka wani kiɗan dabam. Wanda ba zai iya gyara bugu ɗaya a kiɗansa ba, da wane baki zai ce shi ya haɗa?

Ɗan Rigasa: Malam, mai karatu da dare a hostel ɗin Jami'ar Jihar Kaduna da ya sa abin kunne, ina ruwansa da siniya ta uku? Kiɗan da ba zai dame shi ba yake nema.

Malam na Unguwar Rimi: Gaskiya ne, ba ruwansa. Shi ya sa lo-fi ne kiɗan da na'ura za ta fi saurin cinye kasuwarsa, tunda ba murya, ba a neman sunan mai shi. Wannan ne ma abin da ke hana ni barci.

Jikan Makaɗi, Tudun Wada: Ni abin da ya fi ci mini rai dabam ne. Kakana makaɗin kalangu ne, mahauta yake yi wa kiɗa. Na gwada rubuta wa irin manhajar nan cewa ina son lo-fi da kalangu da gurmi. Sau shida ina gwadawa. Abin da ta ba ni wata ganga ce mai kama da ta ƙasashen Mali da Gini, da wani abin tsirkiya kamar na Larabawa. Kalangu magana yake yi. Ana matse tsarkiyarsa a hammata, fata ta ɗaure, murya ta hau, a saki ta sauka, yana bin hawa da saukar harshenmu, har ya kira sunan mutum ya yi masa kirari. Wanda ya tashi a gidanmu zai gaya maka abin da gangar ta ce. Wadda na'ura ta ba ni ba ta ce komai ba. Tsorona kada yaranmu su riƙa sakin wannan suna rubuta “kiɗan Hausa” a kai, duniya ta ɗauka haka kiɗanmu yake.

'Yar Malali: Wannan kam ta shige ni. Amma ai laifin rashin kiɗanmu ne a cikin abin da aka horar da ita da shi.

Jikan Makaɗi, Tudun Wada: To in za a saka, da izinin wa, kuma wa za a biya? Tsofaffin kaset ɗin makaɗanmu da ake samu a Kasuwar Barci, da waɗanda aka naɗa a gidan rediyon tarayya na Kaduna, suna da magada. Yanzu da mai raba murya, kowa zai iya zare garaya daga tsohuwar waƙa ya ɗora mata ganga. Sauƙin zarewa bai halatta maka ita ba.

Hajiya ta Barnawa: Bari in sa baki ta fuskar kuɗi, tunda ni nake sayen kiɗa don bidiyon tallan kayana. A watan Yunin 2024 manyan kamfanonin waƙa uku, Universal da Sony da Warner, sun maka Suno da Udio a kotu a Amurka kan horar da manhajojinsu da waƙoƙin mutane ba izini. Ofishin haƙƙin mallaka na Amurka kuma ya ce a Janairun 2025 rubuta wa na'ura umarni kawai bai isa ya sa abin ya zama mallakarka ba, sai da hannun mutum a ciki. Kuma Suno na kyauta ba a yarda ka yi kasuwanci da abin da ya fitar ba, sai ka biya. Ni dai in na ba ka kuɗina, ina so in san abin da ka sayar mini naka ne. Ka gaya mini gaskiya tun farko, in na ga dama in saya a farashinsa.

Ɗan Rigasa: Hajiya, wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, a faɗi gaskiya. Inda ban yarda ba shi ne a rufe wa irina ƙofa. Da jerin sautin da manhaja ta ba ni na fara gane dalilin da ya sa wani sauti ke bin wani. Yanzu ina iya canza biyu a cikin huɗun da kunnena. Bara ban iya ba.

Oga na Kawo: Ban sauka daga maganata a kan yaron jiya ba, sunansa bai kamata ya hau kiɗan nan ba. Amma kai Ɗan Rigasa, zo Kawo ranar Asabar bayan la'asar da kwamfutarka, akwai wuta a nan. Jikan Makaɗi, ko Baba zai iya zuwa da kalangunsa? Zan biya shi kuɗin zama kamar kowane makaɗi, kuma sunansa zai hau aikin. Mu naɗe shi, mu sauke gudun zuwa 80, kai ka kawo jerin sautinka na manhaja, Malam ya zauna a kan siniyarsa.

Jikan Makaɗi, Tudun Wada: Baba ya tsufa, hannunsa na rawa, amma ƙanen mahaifina yana bugawa. Zan tambaye shi yau da daddare. Sai dai Oga a kashe fanka lokacin naɗi, fatar kalangu ba ta son iska mai sanyi, kuma makirufo zai kwashi ƙarar.

'Yar Malali: Ni ma zan zo. Ƙarfe nawa za a fara?