Birkin ƙafar baya yana kamewa, birkin hannu kuma ba ya saki: daga ina zan fara bincike?

Direban A-kori-kura:

Assalamu alaikum, malamai masana aikin mota. Ina neman shawararku a kan wata matsala da ta daɗe tana damuna a motata. A-kori-kura ce tsohuwa da nake ɗaukar kaya da ita, birkinta na mai ne, na gaba faifai, na baya kuma dirom. Da farko da safe kawai abin yake faruwa: idan motar ta kwana da birkin hannu a ja, musamman bayan an yi ruwa ko an wanke ta, sai in sauke birkin in sa giya, amma ta ƙi motsi har sai na ƙara mata wuta, sannan a ji wata ƙara daga baya kamar wani abu ya karye, daga nan ta tafi lafiya.

Yanzu lamarin ya wuce nan. Ko a kan tafiya ina jin motar da nauyi kamar ana riƙe ta, shan mai ya ƙaru, kuma idan na tsaya sai in tarar ƙafar baya ta hagu ta yi zafin da ba a iya kai hannu kusa da ita, tana warin ƙuna, alhali ta dama ɗumi kawai take yi. Sandar birkin hannu ma ta canza, domin idan na zo ja sai ta taso sakwaf har kusan rabi kafin in ji ta kama wani abu. An sauya mini lainin birkin baya, wato abin da ke goga cikin dirom ya tsayar da ƙafa, kwanan nan, amma ban ga sauƙi ba. Wani ya ce in sauya masta, wato famfon da ke tura man birki idan an taka, wani ya ce silindar ƙafa, wadda ke tura lainin ya manne da dirom, wani kuma ya ce in zuba wa wayar birkin hannu mai kawai. Ba na son in yi ta sayen kaya a kan zato. Akwai gwajin da zan iya yi da kaina?

Tsohon Bakanike:

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai ina roƙonka ka daina ɗaukar kaya da motar nan har a gano matsalar, domin zafin da ka kwatanta yana iya narkar da giris ɗin boris, ya ƙona robar da ke tare man giya, ya kuma tafasa man birki. Ƙa'idar man birki nau'in DOT 3 ita ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyas yana sabo, amma wanda ya sha danshi yana iya tafasa tun daga wajen digiri 140, kuma da zarar ya tafasa sai ka taka birki ƙafarka ta tafi ƙasa motar ba ta tsaya ba.

Abubuwa uku ne ke iya riƙe lainin a jikin dirom bayan ka ɗaga ƙafa: matsin man birki da bai koma ba, ko wayar birkin hannu da ba ta saki ba, ko kuma kayan da ke cikin dirom ɗin kansa. Gwaji ɗaya yana fitar da na farko daga lissafi ba tare da ka sayi komai ba. Ka ɗan zaga da motar har ka ji ta fara nauyi, ka tsaya a wuri mai ƙwari wanda ba gangare ba, ka sa waigi a tayoyin gaba, ka ɗaga bayan ka ɗora shi a kan ƙarfen tokare, kada ka amince da jak shi kaɗai. Ka cire giya, ka sauke birkin hannu, ka juya kowace ƙafa da hannu. A bayan ƙafar da ta kame akwai ɗan notin da ake fitar da iska ta cikinsa, ka kwance shi kaɗan da sifana. Idan mai ya yi tsartuwa da ƙarfi kuma ƙafar ta saki nan take, to matsi ne ya maƙale. Idan kuwa ɗigowa kawai ya yi kuma ƙafar tana nan a kame, ka ɗaure notin, ka cire masta daga zuciyarka.

Idan matsi ne, sai ka maimaita gwajin, amma wannan karon ka sassauta bututun baya a bakin masta. In ƙafar ta saki daga can, masta ce ba ta barin mai ya koma cikin kofinsa, ko don ƙaramin ramin komawar ya toshe, ko don robobinta sun kumbura saboda an taɓa zuba mata man da ba na birki ba. In ba ta saki daga can ba amma tana saki daga notin ƙafa, to tiyon roba da ke sauka daga jikin mota zuwa ƙarfen ƙafafun baya ya ruɓe daga ciki, yana barin mai ya wuce idan an taka amma ba ya barinsa ya dawo, ko da a waje yana nan kamar sabo.

Sai dai ban yi zaton nan matsalarka take ba. A yawancin irin waɗannan motoci tiyo ɗaya ne ke ciyar da ƙafafun baya biyu, saboda haka da shi ne ko masta, da duka biyun za su yi zafi tare. Abin da zai sa ƙafa ɗaya ta riƙe matsi ita kaɗai shi ne bututun ƙarfen da ke zuwa gare ta ya lotsa, don haka ka bi shi da ido daga farko zuwa ƙarshe.

Mai Gyaran Birki:

Na yarda da tsarin da Maigida ya kawo, amma ni da na fara da waya, saboda mai tambaya ya riga ya faɗi alamar da ta fi kowace bayyana. Sandar birkin hannu da ke tasowa sakwaf har rabi tana nufin cewa lokacin da aka sauke ta, wayar ciki ba ta koma wurinta ba, ta tsaya a ja a cikin rigarta, sai sako-sakon ya taru a gaba. Ruwa yana shiga ta inda rigar ta tsage, tsatsa ta kumbura a ciki, sifirin ɗin da ke cikin dirom kuma ba shi da ƙarfin da zai janyo ta baya.

Malam, ka shiga ƙarƙashin motar ka nemi wurin da waya ɗaya ta gaba ta rabu biyu zuwa hagu da dama. Ka sa wani ya ja birkin ya sauke kana kallo, za ka ga wadda ke komawa da wadda ke tsayawa. Ka kwance ta hagun daga mahaɗin ka gwada ja da turawa da hannu, lafiyayya tana zamewa ba tare da wahala ba. Game da zuba mata mai, ba na ba da wannan shawara. Yana iya sakin ta na ɗan lokaci, amma tsatsar tana nan, wasu zaruruwan wayar ma ƙila sun tsinke a ciki, kuma wayoyi da yawa suna da shimfiɗar roba a cikin rigarsu wadda ba a yi ta don mai ba. A sauya ta, kuma a sauya har da ta dama tunda shekarunsu ɗaya. Abin da nake gargaɗinka da shi ƙwarai shi ne kada kowa ya ɗaure notin mahaɗin don ya kawar da sako-sakon sandar, domin hakan zai ƙara janyo lainin ne, har ƙafar dama ma ta fara zafi.

Kamewar safe kuwa wani abu ne daban. Dirom ƙarfen zubi ne, idan ya kwana da danshi lainin na manne da shi, tsatsa takan haɗa su, ƙarar da kake ji ita ce rabuwarsu.

Direban A-kori-kura:

Allah ya saka muku da alheri. Na yi gwajin kamar yadda kuka tsara. Da na kwance notin iska, mai ya ɗigo kawai, ƙafar ba ta saki ba, bututun ƙarfen kuma ban ga inda ya lotsa ba. Wayar hagu ce ta ƙi komawa, rigarta ta tsage kusa da inda ta shiga bayan dirom, kuma da ƙyar take motsi. Da na tura ta baya da ƙarfi ƙafar ta juya, amma har yanzu tana gogawa a wuri ɗaya a kowane zagaye. Dirom ɗin ya ƙi fita, yana tahowa kaɗan sai ya tsaya, ban kuma so in buge shi da ƙarfi ba. Ta ƙasan farantin baya, wanda kayan birkin ke zaune a kansa a bayan dirom, na ga jiƙa baƙa mai danƙo. Man birki ne ko wani abu ne daban?

Tsohon Bakanike:

Madalla da ba ka tilasta shi ba, domin da ka ɓanɓare shi da ƙarfi da ka tsinke ƙusoshin da ke riƙe lainin. Abin da ya tare shi baki ne da ya fito a gefen dirom inda lainin ba ya taɓawa. A farantin baya akwai rami da aka toshe da roba, ka cire ta, ka sa siririyar sukudireba ka ɗaga ƙarfen da ke danne ajasta, wato abin da ke daidaita tazarar lainin da dirom, ka juya haƙoran ajastar da wata sukudirebar har lainin ya ja baya, dirom zai fito da kansa. Kada ka hure ƙurar ciki da iska, domin wasu lainin, musamman tsofaffi, suna ɗauke da asbestos mai illa ga huhu. Ka wanke ta da maganin wanke birki.

Jiƙar kuma hancinka zai raba maka gardama. Man giya yana da kauri da wari mai ƙarfi irin na farar wuta, yana fitowa ne daga tsakiya inda robar shaf, wato sandar da ke juya ƙafa, ta lalace, man birki kuwa tsinkakke ne, ruwa yana wanke shi, kuma za ka same shi idan ka ɗaga robar bakin silindar ƙafa. Ko wanne ne, lainin da ya sha shi ya tashi aiki duk da sabo ne, domin yana cafke dirom farat ɗaya, wanki da samfefa kuma ba sa fitar da man da ya shiga cikinsa. A gyara yoyon tukuna, sannan a sa sabon lainin a ƙafafun biyu tare.

Tunda an taɓa buɗe wurin kwanan nan, ka buɗe ƙafar dama ka ajiye ta a haɗe don kwatance. A irin birkin da lainin biyu ba tsawonsu ɗaya ba, gajeren ne ke fuskantar gaban mota, dogon yana baya, kuma ajastar hagu da ta dama ba a musanya su domin zarensu ya saɓa. Sifirin da ya sha irin wannan zafi ya rasa ƙarfinsa ko da bai karye ba, a sauya su duka. Ka shafa yatsa a tudun farantin baya inda gefen lainin yake zamewa, idan ya yi kwari lainin zai riƙa maƙalewa a ciki, sai a goge shi ya daidaita a shafa ɗan giris na birki mai jure zafi, kaɗan ƙwarai don kada ya kai ga fuskar lainin.

Gogawar wuri ɗaya tana nuna cewa zafi ya ɗan karkatar da dirom. A jikinsa an rubuta iyakar faɗin da aka yarda ya kai, a auna shi, idan gyara shi a injin goge dirom zai wuce wannan adadi a sayi wani. Wajen haɗawa, a fara daidaita lainin da ajasta wayar tana sako-sako, har ka ji gogawa kaɗan sannan ka ɗan mayar, a taka birki sau da yawa ya zauna, daga baya a ɗaure waya gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa. A zuba sabon man birki irin wanda aka rubuta a murfin kofin, a fitar da iska. Idan ka wanke motar ko ka ratsa ruwa, ka ɗan yi tafiya kana taɓa birki a hankali don dirom ya bushe kafin ka ajiye ta, kuma idan za ta daɗe a tsaye a wuri marar gangare, ka bar ta a giya da waigi maimakon birkin hannu. A amfanin yau da kullum kuwa ka riƙa jan sa, domin wayar da ba ta motsi ta fi saurin kamewa.