Takobin Japan da aka kawo min a Garwa, na gaske ne ko kwafi?

Dan_Garwa:
Salam alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin harkar tsofaffin kaya ku taimaka min. Wani mai shigo da kaya daga Dubai ne ya kawo min takobi yace katana ne na samurai, wai aikin Masamune ne, yana neman jaka 400. Akwai rubutun Japan a kan ruwan takobin da lamba a wuyansa, ga wani zane a bakin kaifin kamar igiyar ruwa, ya haɗo da takarda mai hatimi. Ni dama ina tara takubba irin na hawan sallah amma wannan ban taɓa riƙe irinsa ba. In na siya ina son kai wa maƙeri ya goge tsatsar. Ya kuka gani?

Bappa_Kusuri:
Wa alaikumus salam. Yarona riƙe kuɗinka tukuna. Masamune maƙeri ne da ya rayu a garin Kamakura na Japan wajen shekarar 1300, yawancin takubbansa da suka rage ma babu sa hannu a jiki, kuma a gidajen tarihi suke ko hannun manyan masu kuɗi, ba abin da zai biyo kwantena ya sauka Garwa a jaka 400 bane wlh.

Abin da yafi damuna rubutun nan da kace yana kan ruwan. Maƙerin Japan a wutsiyar ƙarfen yake sassaƙa sunansa, wato nakago, ɓangaren da yake shiga cikin ƙota ba'a ganinsa sai an kwance. Wani ɗan tsinken gora ne yake riƙe ƙotar, kana turo shi waje ƙota ta zare. Kace masa ya cire a gabanka. Tsohon takobi wutsiyarsa baƙa ce wuluk, tsatsa ce da ta kwanta shekara da shekaru, kuma zakaga sawun zarto a jere tsaf. Na jabu zakaga jar tsatsa mai gari ko walda ko ma noti a ƙarshe. In yaƙi yarda a cire toh ka samu amsarka.

Ko anga suna ma ba'a gama ba, tun zamanin da Japanawan kansu suna buga sunan shahararren maƙeri a takobin da ba nasa ba, gimei suke ce masa. Mu ma nan hakane ai, takubban kaskara da muke gani daga Abeshe da Sudan da yawa tambarin Solingen na Jamus ne a jiki amma maƙeran gida ne suka kwaikwaya.

Yar_Ngaundare:
Bappa ya gama magana, zan ɗan ƙara akan takardar ne kawai. Iri biyu ne mutane suke rikitawa. Akwai torokusho, katin rajista ne da hukuma take bayarwa a Japan tun 1951, shi izinin mallaka ne kawai baya cewa sa hannun na gaske ne, kuma in za'a fitar da takobi daga ƙasar maida katin akeyi. Sai takardar NBTHK, ƙungiyar adana takubban Japan da aka kafa a Tokyo 1948, su sai takobin yaje hannunsu masana sun duba sannan su bada matsayi, Hozon, Tokubetsu Hozon, Juyo har Tokubetsu Juyo. A takardarsu akwai tsawon ruwan da hoton wutsiyar, sai ka auna ka gwada ramin tsinken da rubutun ko sunyi daidai da na hannunka, don ana haɗa takardar gaske da wani takobin daban.

Zanen bakin kaifin kuma hamon ake ce masa. Yumɓu maƙeran suke shafawa mai kauri a gadon baya, siriri a baki, su gasa su tsoma a ruwa sai bakin yafi tauri. Na gaske a cikin ƙarfen yake, in ka juya shi a haske zakaga kamar hazo da ƙananan ɗigo. Wanda akayi da asid ko burushin waya kowane lanƙwasa iri ɗaya ne da ɗan uwansa.

Mai_Moto:
Hhh ni nawa ɗaya ne yaya, in ka siya kar ka ɗauro shi a bayan moto ka biyo ta shingen jandarma, ranar nan Masamune bazai cece ka ba.

Dan_Garwa:
Nagode Bappa, nagode yaya. Na koma wajensa ɗazu, yace ƙotar manne take da gam bata cirowa. Lambar kuma a jikin jan ƙarfen wuyan take, yace ai lambar soja ce.

Bappa_Kusuri:
Gam kuma? Toh shikenan. Maganar soja ma ta karya ta farko, ya za'ayi takobin 1300 ya fito da lambar masana'anta. Eh akwai na sojan Japan na yaƙin duniya na biyu, gunto, na ƙananan hafsoshi nau'in 95 yanada lamba amma a kan ruwan take kuma irinta ce a jikin kuben, ƙotar yawanci alminiyum. Lamba a jan ƙarfen wuya kam a kwafin China aka fi ganinta. In kana sonsa don ado a falo ka taya shi kuɗin kayan ado.

Sai maganar maƙeri, ko nan gaba Allah ya haɗa ka da na gaske kar ka bari injin wasa wuƙa ya taɓa shi, wutsiyar kam ko gogewa kar ayi, da tsatsar nan ake gane shekarunsa, ka kankare ta darajar ta faɗi. Masu wasa takobi a Japan kusan shekara goma suke koyo da duwatsu kala-kala. Ɗan mai mara nauyi irin na keken ɗinki ka shafa a ruwan da tsumma mai laushi, kuma kar ka taɓa da yatsa, zufan Garwa kaɗai ya isa ya bar masa tabo.